SAYAYYA DA KATIN BASHI A ƘASAR WAJE: DARASI DAGA JAFAN

Duk wanda ya taɓa shiga babban kanti a birnin Tokiyo ko Osaka, ya zaɓi kaya, ya miƙa katin bashi domin ya biya, lalle ya ji wata tambaya daga bakin mai karɓar kuɗi wadda ba a saba jinta a sauran ƙasashe ba. Za a dube shi cikin ladabi a ce, "Sau nawa za a biya?" Baƙo ya kan yi turus, don shi a saninsa kuɗin kaya sau ɗaya a ke biyansa. Amma mutumin ƙasar ya san abin da a ke nufi. In ya so ya ce sau ɗaya, in ya so ya ce sau uku ko sau goma, in kuwa ya ga dama sai ya ce "ribo".

Abin da ya sa mu ka ga ya kyautu mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari shi ne, yawancin waɗanda su ke riƙe da irin wannan kati a can mutane ne irinmu, masu jiran ƙarshen wata: akawuna, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa. Tarkon da a ka ɗana musu kuwa ba shi da ƙabila. Ya kan fi kama mutum ne sa'ad da ya fita ƙasarsu, domin a can ba wanda zai tambaye shi sau nawa.

HANYOYIN BIYA

Bari mu fara da gida kafin mu ƙetare teku. Hanya ta farko su na kiranta ikkatsu, watau biya gaba ɗaya. Kamfanin kati ya biya wa mutum kuɗin kaya yau, ya rubuta a littafinsa, sa'an nan ya cire duka daga ajiyarsa ta banki a wata mai zuwa. Waɗansu kamfanoni su kan rufe lissafi ran 15 ga wata su cire kuɗi ran 10 ga wata mai bi masa, waɗansu kuma su rufe a ƙarshen wata su cire ran 26 ko 27. Wannan ba ruwa a cikinsa ko anini. Haka kuma galibi ba ruwa in an raba biya gida biyu kaɗai, ko kuwa in an jinkirta shi zuwa lokacin da ma'aikata su ke karɓar ƙarin kuɗin da a ke ba su sau biyu a shekara, da bazara da hunturu.

Hanya ta biyu ita ce bunkatsu, biya kashi-kashi. Mai saye ya ce sau 3, ko 6, ko 10, ko 12, har zuwa 24 ko fiye. Tun ranar da ya sayi kayan an san yawan ruwan da zai hau kai, an san abin da zai riƙa bayarwa kowane wata, an kuma san watan da zai gama. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar bashin babur ko na mota a ofis a na cira daga albashinsa. Ya na da nauyi, amma ya na da ranar saukewa.

Hanya ta uku ita ce ribo. Kalmar guntuwa ce da su ka yanko daga Ingilishi, ma'anarta abin da ya ke juyawa. (Bahaushe in ya ji ta sai ya tuna da riba, ba kuwa zai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ribar ba ta mai kati ba ce.) A nan ba a ƙidaya watanni. Abin da a ke tsayarwa shi ne kuɗin da mutum zai riƙa biya kowane wata, alal misali yen 5,000 ko yen 10,000, ko da nawa ya kashe. Ya sayi takalmi yau, ya sayi rediyo gobe, jibi ya biya kuɗin otal, duk a zuba su cikin ƙwarya ɗaya, abin da zai bayar a ƙarshen wata kuwa bai canja ba. Ragowar ita ce ta ke kwana ta na haihuwa. Shekaru da yawa ruwan da a ka saba ɗorawa shi ne kashi 15 cikin ɗari a shekara, waɗansu kamfanoni kuma su na kai wa kashi 18. Wani abin lura, ba su kiransa ruwa a takardunsu. La'ada su ke ce masa.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ba Jafanawa ne su ka ƙago wannan dabara ba. A shekarar 1950 a ka kafa Diners Club a birnin New York, amma katinsu na biya gaba ɗaya ne a ƙarshen wata. Sai cikin watan Satumba na 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno, a jihar Kaliforniya, katuna wajen 60,000 ta gidan waya ba tare da sun roƙa ba, ya ce kowa ya saya, ya biya abin da ya sawwaƙa, saura a ɗora masa ruwa. Wannan kati shi ne ya zama Visa a shekarar 1976. A Jafan kuwa kantin Marui ne ya fara kiran takardar bashinsa katin bashi a 1960, a ka kafa kamfanin JCB a 1961, a cikin wannan shekara kuma gwamnati ta yi dokar sayar da kaya kashi-kashi. An daɗe a na hana kamfanonin kati na bankuna shiga wannan harka, don a kāre ƙananan 'yan kasuwa masu ba da kaya bashi. Sai a 1992 a ka yarje musu yin ribo, a 2001 kuma a ka yarje musu bunkatsu. Shi ya sa har yau mutumin Jafan ya ke ɗaukar katinsa a kan abin biya gaba ɗaya, sai in shi da bakinsa ya ce a yi wani abu dabam. Ba'amurke kuwa katinsa tun asali mai juyawa ne, sai in shi ya ga dama ya biya duka.

SA'AD DA A KA ƘETARE TEKU

Har zuwa watan Afrilu na 1964 ba a barin mutumin Jafan ya fita waje don yawon buɗe ido kawai. Da a ka buɗe ƙofa ma, sau ɗaya a ke yarda ya fita a shekara, da guzurin da bai wuce dala 500 ba, a lokacin kuwa dala ɗaya yen 360 ce ba ta motsi. Yau miliyoyinsu ne su ke fita kowace shekara, guzurin kuwa ɗan kati ne a aljihu, dala kuma ta na hawa ta na sauka kullum. A watan Yuli na 2024 sai da ta wuce yen 160.

To, a ce wani malamin makaranta ne daga Osaka ya ɗauki iyalinsa su ka tafi hutu tsibirin Hawai, inda mutanen ƙasarsu su ke yawan zuwa. Ya shiga kanti a Honolulu, uwargida ta ga jaka, yara sun ga abin wasa. Ya miƙa kati ya na jira a tambaye shi sau nawa, don ya riga ya yi niyya a ransa zai ce sau goma. Ba wanda ya tambaye shi. An sa katin a na'ura, rasit ya fito, an ce masa sai an jima.

Dalili kuwa shi ne, biya kashi-kashi yarjejeniya ce tsakanin kantunan Jafan da kamfanonin kati na Jafan, na'urorin kantunan can an ƙera su ne da wurin danna yawan watanni. Na'urar Honolulu ko ta Landan ba ta san wannan ba. Abin da ta ke aikawa ta hanyar Visa ko Mastercard ko JCB shi ne, mai kati kaza ya sayi kayan dala kaza. Saboda haka a bisa ƙa'ida duk sayayyar da a ka yi a waje a na rubuta ta ne a kan biya gaba ɗaya. Haka nan abin ya ke in mutum ya na zaune a ɗakinsa ya sayi kaya daga kantin wata ƙasa ta intanet.

Kafin ma a zo maganar yadda za a biya, kuɗin sun riga sun ƙaru a hanya. Da fari, ba da farashin canjin ranar da a ka yi ciniki a ke lissafi ba, da na ranar da labarin cinikin ya isa cibiyar kamfanin ne, wanda ya kan ɗauki 'yan kwanaki. In yen ta faɗi a tsakani, asarar ta mai kati ce. Na biyu, kamfanin da ya ba shi kati zai ɗora la'adar aikin canji. Waɗansu su na tsayawa a kashi 1.6 cikin ɗari, amma daga 2024 da yawa sun ɗaga tasu ta haura kashi 3 da rabi.

Akwai kuma na uku, wanda a ganinmu ya fi duka wayo. Wani lokaci na'urar kantin ta kan gane katin baƙo ne, sai ta tambaya, "Da dala za ka biya ko da yen?" Baƙon da ya gaji da lissafi a ka, in ya ga kuɗin ƙasarsu rubuce sai ya ji sanyi ya danna yen. Alhali kuwa in ya yi haka, ya bar wa mai kantin da kamfanin da ya ba shi na'ura su yanka farashin canjin da kansu, nasu kuwa kusan kullum ya fi tsada. Wanda ya san gari, kuɗin ƙasar da ya ke ciki ya ke zaɓa.

BAYAN AN KOMO GIDA

Malaminmu ya komo Osaka, an ci hutu an sha rana. Ya duba lissafinsa ya tarar otal da abinci da tsaraba sun tashi yen 300,000, duk kuwa za a cire su rana ɗaya. Albashinsa ba zai ɗauka ba. A daidai wannan lokaci ne saƙo ya ke shigowa wayarsa daga kamfanin kati, da lafazi mai taushi, cewa in biyan wannan wata ya yi masa nauyi, ai ya na iya mai da shi ribo, danna sau biyu kawai. Wannan shi su ke kira ato kara ribo, watau ribo daga baya. Waɗansu kamfanoni su na da ato kara bunkatsu ma, a raba kashi-kashi daga baya, amma ba kowane kati ke da shi ba, ba kuma shi a ke turo wa mutum a gaba ba. Dukansu biyu su na da wa'adi, 'yan kwanaki kafin ranar cire kuɗi. In ya wuce, ya wuce.

Yanzu sai mu ɗauki alli mu yi lissafi, da ya ke masu karatunmu ma'abota lissafi ne. Bashi yen 300,000, ruwa kashi 15 a shekara, watau kashi 1.25 kowane wata.

In ya raba shi sau 10, zai riƙa ba da wajen yen 32,100 kowane wata. Da zafi, amma bayan wata goma ya huta, ruwan da ya biya duka kuwa wajen yen 21,000 ne.

In ya zaɓi ribo na yen 10,000 a wata, wanda ruwa ke cikinsa, to a watan farko yen 3,750 ruwa ne tsantsa, yen 6,250 kaɗai su ka taɓa uwar kuɗi. Zai yi wata 38 ya na biya, ruwan da zai bayar kuwa wajen yen 78,000.

In kuwa ya ce shi yen 5,000 zai iya, a watan farko yen 1,250 kaɗai su ka rage bashin. Zai shafe wata 112, watau shekara 9 da wata 4, ruwan da zai zuba kuma wajen yen 258,000, kusan kuɗin wani hutun. Yaron da a ka saya wa abin wasa ya na aji ɗaya, zai gama makarantar midil uban bai gama biyan kuɗin otal ba.

Ka lura fa, mai karatu, ruwan duk ɗaya ne a hanyoyin uku, kashi 15. Ba wanda a ka yi wa ƙarya, ba wanda a ka ƙwace wa ko kwabo. Bambancin duka a tsawon lokaci ya ke. Wannan lissafi kuma mun yi shi ne a kan malamin bai sake taɓa katin ba har ya gama, abin da ba ya faruwa. Da kati ya ke biyan kuɗin waya, da shi ya ke sayen cefane. In waɗannan ma su ka shiga ƙwaryar, sai bashin ya riƙa girma shi kuwa bai ji a jikinsa ba, tun da abin da a ke cira bai ƙaru ba. Bashin yen 800,000 ruwansa na wata ɗaya yen 10,000 ne cif. Don kada a kai ga haka, katuna da yawa su na ɗaga biyan wata in bashi ya haye wani mataki, amma su na sauke shi kuma da zarar bashin ya ragu, sai tafiyar ta daɗa tsawo. Akwai wani tsari kuma inda yen 10,000 ɗin duka su ke tafiya ga uwar kuɗi, ruwa a ɗora a bisa. Wannan ya fi dama-dama, wata 30 a gama, ruwa wajen yen 58,000. Sai dai mutane nawa ne su ka san wanne ne nasu?

WANDA BAI SAN YA SHIGA BA

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne ribon da mutum ya ke shiga ba da saninsa ba. Sa'ad da a ke cika takardar neman kati, akwai wani ɗan gurbi da in an sa masa alama, to duk abin da mutum ya saya zai zama ribo, ko da ya ce wa mai kanti sau ɗaya da babbar murya. A na kwaɗaita wa mutane shi da kyautar maki ko yafe kuɗin shekara. Akwai ma katunan da ba su da wata hanya sai ribo. Mai irin wannan kati in ya tafi ƙasar waje, ya na zaton tun da ba a tambaye shi ba to biya gaba ɗaya ne, ashe kowace sayayya ta na faɗawa cikin ƙwarya. Haka kuma kuɗin da a ka cira daga injin banki a waje da katin bashi, rance ne kai tsaye, ruwansa galibi kashi 18, ya na fara lissafi tun daga ranar da a ka cira, a waɗansu katuna kuma shi ma ribo ya ke shiga. Hukumar kula da koke-koken masu saye ta Jafan, wadda a ka kafa a 1970, ta sha jan kunnen jama'a a kan wannan, don mutane su kan zo mata bayan shekara ɗaya ko biyu su na mamakin yadda su ke biya kowane wata amma bashi na nan daram.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 2008 ta gyara dokar 1961, ta wajabta wa kamfanoni su auna ƙarfin mutum kafin su ba shi iyaka: a ɗauki abin da ya ke samu a shekara, a cire kuɗin zaman gida da bashin da ke kansa, ba za a wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da ya rage ba. Wannan ya hana mutum nutsewa gaba ɗaya, amma bai hana shi daɗewa a ruwa ba. Amurka ta bi ta wata hanya a 2009, ta ce dole kowace takardar lissafi ta nuna wa mai kati shekara nawa zai yi da kuma nawa zai biya in ya tsaya a kan mafi ƙarancin biya. Birazil, inda ruwan irin wannan bashi ya haura kashi 400 a shekara a 2023, ta yi doka daga Janairu 2024 cewa ruwa duka ba zai wuce uwar kuɗin ba.

Birazil ɗin nan kuwa, ita da Turkiyya da Meziko, su ma su na da al'adar raba biya a kanti, sau da yawa ba ruwa. Amma ga katunan bankunan ƙasar a ka yi ta. Baƙo daga Jafan in ya ga allo a kantin Istanbul an rubuta a biya sau shida, ba da shi a ke ba, kamar yadda Baturke in ya je Tokiyo da katin ƙasarsu, sau ɗaya kaɗai zai iya amsawa.

TO MU FA?

Mu a Nijeriya yawancin katunan da ke aljihunmu ba na bashi ba ne, kuɗinka ne da ke banki a ke cira nan take, in babu to babu. Saboda haka ribo bai kama mu ba tukuna. Amma sauran abin da mu ka faɗa a kan canji duk ya shafe mu, da alhaji a kasuwar Madina, da ɗalibi mai biyan kuɗin jarrabawa ta intanet, da ɗan kasuwa a Dubai. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da a ke iya kashewa a waje da katin naira har zuwa dala 20 a wata, daga baya su ka rufe ƙofar, sai a 2025 waɗansu su ka sake buɗewa. Masu ba da rance ta waya da masu tallar "ɗauki kaya yau ka biya sannu a hankali" kuwa sun riga sun iso, su ma da ƙaramin biyan wata su ke talla, ba da jimla ba. Ga Musulmi akwai maganar halacci, wadda malamai sun yi bayaninta tuntuni, ba sai mun maimaita ba.

Malamin Osaka dai ya na da mafita ko da ya riga ya danna ribo. Galibi ba za a mayar masa da shi biya gaba ɗaya ba, amma ya na da ikon ya ɗaga biyansa na wata, ko ya zuba kuɗi a kan uwar bashin duk ranar da ya samu, ta banki ko ta injin da ke ƙananan kantunan unguwa. Tun da kullum a ke lissafa ruwan, yen 100,000 da ya zuba daga ƙarin kuɗinsa na watan Disamba za su rage masa yen 1,250 na ruwa tun daga watan Janairu. Sai dai shi zai nemi wannan hanya da kansa, ya buga waya ko ya laluba cikin shafin kamfanin, don ba a kan turo saƙo a tuna masa da ita ba.